Karatun jami'a rabi a aji rabi ta intanet: shawara ga ƴan Maraɗi sababbin zuwa Faransa

Ƙannena maza da mata da kuka baro Maraɗi domin neman ilimi, barkanku da sauka, Allah ya sa kun shigo a sa'a. Da yawa daga cikinku za ku tarar cewa sashen da ya karɓe ku yana raba darussa gida biyu: wasu sai an je aji, wasu kuma ana bin su ta intanet daga ɗaki, ko kai tsaye ko ta bidiyon da malami ya ɗora. Wannan tsari ya bazu sosai tun daga shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, kuma alheri ne ga mai aiki, ga mai goyo, da wanda gidansa yake nesa da jami'a. Sai dai ina so ku riƙe tun yau cewa sassaucin da ke cikinsa na wuri ne da na lokaci kawai. Yawan aikin bai ragu ba, dokar zama a ƙasa ma ba ta sassauta ba, kuma yawancin waɗanda na ga tsarin ya kayar sun faɗi ne saboda sun ɗauka an rage musu kaya.

Maganar takardu ce ta fara zuwa, domin ita ce ke iya mayar da mutum gida da karatunsa a tsakiya. Wanda ya shigo da bizar ɗalibta ta dogon zama dole ne ya tabbatar da ita ta intanet cikin wata uku da saukarsa. Idan lokacin sabunta takardar zama ya yi, ofishin furfe, wato hukumar da ke ba baƙi takardar zama, ba ya tsayawa kan shaidar rajista kaɗai. Yana duba ko karatun na gaske ne, wato ko kana halartar darussa, ko ka zauna jarabawa, ko kana gaba daga aji zuwa aji. A nan ne bambanci tsakanin karatun haɗe da karatun nesa zalla yake da nauyi. Wanda ya yi rajista a tsarin da kome nasa ta intanet ake yi, yawanci ana ƙin ba shi takardar zama ta ɗalibi, bisa hujjar cewa karatun da za a iya yi daga unguwar Zariya ko ta Ali Ɗan Tsoho a Maraɗi bai wajabta zama a Faransa ba. Saboda haka kada wani ya ruɗe ku ku bar sashen da ake zuwa aji ku koma na nesa don ku samu sararin aiki, sai kun nemi bayani a rubuce daga ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arku. Ku tuna kuma cewa an rufe ofishin jakadancin Faransa da ke Yamai a farkon 2024, don haka wanda ya yi sake takardarsa ta mutu, sake samun wata ba abu ne mai sauƙi kamar da ba.

Waɗanda suka nufi Kanada ko Birtaniya su ma maganar ta shafe su. A lardin Kebek na Kanada akwai jami'ar TÉLUQ, wadda tun 1972 take koyarwa daga nesa, a Birtaniya kuma akwai Open University da aka kafa a 1969. Dukansu jami'o'i ne masu daraja, amma karatun nesa zalla ba ya buɗe ƙofar izinin zama na ɗalibi. A Kanada ma, mai fatan samun izinin aiki bayan kammala karatu sai ya yi aƙalla rabin darussansa a aji.

Bayan takardar zama sai takardar da za ku koma da ita gida. Ba kowace shaida mai hatimi da sunan makaranta mai daɗin faɗi ce digiri na ƙasa ba. Lisans da mastar da dokta na jami'o'in gwamnati su ne waɗanda hukuma ta tsaya musu, kuma digirin da aka samu ta tsarin haɗe daidai yake da na wanda ya zauna aji kullum. Amma akwai makarantu masu zaman kansu da ke tallar karatu mai sauƙi ta intanet, su karɓi kuɗi masu yawa, su ba da takardar da ba kowa ya san da ita ba. Kafin ku biya ko dala, ku bincika ko digirin na ƙasa ne, ko kuwa yana cikin rajistar shaidun sana'a ta Faransa da ake kira RNCP, sannan ku yi tunanin yadda za a karɓe shi a Nijar, inda ake la'akari da amincewar CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da Madagaska da ke da mazauni a Wagadugu. Kuɗin ba ƙanana ba ne ko a jami'ar gwamnati: a 2019 an sanya wa ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba yuro 2,770 a shekara don lisans da 3,770 don mastar, na farkon kaɗai ya haura sefa miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, ko da yake wasu jami'o'i suna yafe wa wasu ɗalibai wani kaso.

Yanzu mu zo ga lissafin lokaci, wanda a ganina shi ne zuciyar al'amarin. Wanda ya taɓa karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ya san tsarin lisans, mastar, dokta, domin shi ake bi a gida ma. Lisans shekara uku ce da kiredi 180, kowane zango kiredi 30, kuma a ma'aunin Turai kiredi ɗaya yana nufin aikin awa 25 zuwa 30, a haɗa da sauraron darasi, da bita, da rubutu. Idan aka buga, shekara guda ta karatu tana cin awa 1,500 zuwa 1,800. Cikakken ma'aikaci a Faransa awa 1,607 yake yi a shekara. Ke nan karatunku shi kansa cikakken aiki ne, ko ana ganinku a aji ko ba a gani. Doka ta ba ɗalibi baƙo damar yin aikin albashi har awa 964 a shekara, kuma da yawa suna ɗaukar wannan adadi kamar wani abin da dole sai an cika shi. Iyaka ce aka gindaya, kuma wanda ya kai ta a shekararsa ta fari, ga sabon harshe a kunne, ga sanyi, ga hidimar takardu, da wuya ya fita zangon farko lafiya. Shawarata ita ce a fara da kaɗan, a ga sakamakon jarabawar Janairu, sannan a yanke shawarar ƙarawa.

Na san abin da ke tura mutum. Mu ƴan Maraɗi da kasuwa aka haife mu, kuma ba ma son ganin lokaci yana wucewa babu abin da ya shigo. Ga kuma gida: da zarar an ji cewa rabin karatunka a kwamfuta kake yi, sai a ɗauka zaune kake, sai saƙonni su fara shigowa ta WhatsApp, wannan yana so a duba masa farashin mota, wancan yana so a karɓar masa kaya a tura, ga suna, ga biki, ga ragon layya. Ba a yi wa iyaye rowa, ba a kuma yanke zumunci saboda boko. Abin da ya dace shi ne ku zauna da Baba ko Inna ta waya tun da wuri, cikin ladabi, ku bayyana musu cewa awannin da kuke ɗaki gaban kwamfuta awannin aji ne, ku faɗi abin da za ku iya aikowa da lokacin da za ku iya, ku kuma tsaya a kansa. Iyayen da suka sayar da dabba ko gona don a tura ɗa karatu sun fi kowa son ya dawo da digiri, kuma idan aka yi musu bayani su ne za su tare muku sauran dangi.

A jami'ar Faransa darussa iri uku ne. Akwai babbar lacca da ake kira CM, wadda ita aka fi mayarwa intanet; akwai TD, inda ake raba ɗalibai ƙananan rukuni a yi atisaye tare da malami; akwai kuma TP, aikin hannu a ɗakin gwaji ko ɗakin kwamfuta. Biyun ƙarshe yawanci halartarsu wajibi ce. Za ku ga wata takarda tana zagayawa daga tebur zuwa tebur, kowa ya nemi sunansa ya sa hannu, malami ya naɗe ta ya sa a jaka ba tare da ya ce uffan ba. Ba wanda zai kira ku ya tambayi dalilin rashin zuwanku, amma idan fashin da ba shi da uzuri ya wuce adadin da sashe ya ƙayyade, sai a rubuta cewa ba ku cika sharaɗi ba, makin darasin ya tafi, wani lokaci ya ja zangon gaba ɗaya. Kowace jami'a tana fitar da ƙa'idojin jarabawa da na halarta kafin ƙarshen watan farko na shekarar karatu, kuma karanta wannan takarda daga farko har ƙarshe ya fi muku sauraron ji-ta-ji-tar tsofaffin ɗalibai. A cikinta za ku ga yadda ake haɗa maki don a kai goma bisa ashirin, da yadda zagaye na biyu yake ga wanda bai samu ba. Mai aiki, da mai juna biyu, da mai ƙaramin yaro, da mai lalurar jiki, suna iya neman tsari na musamman da zai ɗauke musu wajibcin halartar wasu darussa, amma a makonnin farko na zango ake nema, da shaida a hannu. Ƙannena mata masu goyo, kada kunya ta hana ku neman wannan haƙƙi. Wanda kuma yake son ya tsare sallar Juma'a, lokacin raba rukunin TD ne zai je ofishin sashe ya roƙi rukunin da bai ci karo da ita ba, tun kafin gurabe su cika.

Ɓangaren intanet shi ne mai yaudara, saboda ba ya ƙara. Yawancin jami'o'i suna amfani da Moodle, inda malami ke ɗora bidiyo, da takardu, da ayyukan da za a mayar. Bidiyon da ba a kalla ba yau yana nan gobe, shi ya sa mutum yake cewa sai Asabar, Asabar ta zo ga gajiyar aiki, kafin ya farga laccoci sun taru masa mako biyu kafin jarabawa. Bashin lacca kamar bashin ɗan kasuwa yake, wanda ba ya rubuta shi a littafi bai san ya karye ba sai ranar da aka zo karɓa. Maganinsa shi ne a ba kowace lacca ta intanet rana da awa tabbatacciya a jadawalin mako, a zauna mata da biro da littafi, a kashe waya, kamar malamin yana tsaye a gaba. Ayyukan da ake mayarwa kuwa na'ura ce ke karɓa, kuma idan an ce ƙarfe 23:59, da minti ɗaya ya wuce ƙofar tana iya rufewa. Babu wanda za ka ce wa ya yi haƙuri rezo ne ya ɗauke. Ku riƙa tura aiki tun da rana. Ku kuma buɗe adireshin imel ɗin da jami'a ta ba ku kowace safiya, domin ta nan aka fi sanar da canjin aji da ranar jarabawa. Ga wani ƙaramin abu da ke kama mutanenmu: a lokacin sanyi agogon Faransa da na Nijar ɗaya ne, amma daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba Faransa tana gaba da awa guda, don haka wanda ya je hutu Maraɗi yana bin darasi kai tsaye daga can ya kiyaye.

Duk da haka, roƙona gare ku shi ne ku riƙa zuwa harabar jami'a ko ranar da ba a tilasta muku ba. Faransancin da muka koya tun firamare mai kyau ne a rubuce, amma saurin bakin malaman nan da salon maganar ɗalibai sai kunne ya saba, kuma kunne ba ya sabawa a ɗaki. A ɗakin karatu na jami'a akwai ɗumi, da intanet kyauta, da littattafan da ba za ku iya saye ba, wasu jami'o'in ma har kwamfuta suke ba da aro. Malamin da ya san fuskarka shi ne zai rubuta maka takardar shaida ranar neman mastar ko neman wurin koyon aiki. Sannan kaɗaici a watannin Nuwamba da Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa tun wajen ƙarfe biyar, yana karya zuciyar wanda ya saba da fada da shayi da hira har dare. Ku kafa fadar karatu ta mutum uku ko huɗu, ku sa ƴan ƙasa da sauran baƙi a ciki, kada ta zama ta ƴan gida zalla, ku riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako kuna bita.

A wannan fada a tattauna, amma kowa ya rubuta aikinsa da hannunsa. Jami'o'i suna da manhajojin gano satar rubutu irin su Compilatio, kuma kwafo sakin layi daga intanet ko daga aikin aboki ba tare da ambaton mai shi ba laifi ne da ke kai mutum gaban kwamitin ladabtarwa, wanda yake da ikon hana shi karatu a duk jami'o'in gwamnati har shekara biyar, ko ma har abada. Amfani da manhajojin da ke rubutu da kansu ma kowane sashe da ƙa'idarsa, sai a tambayi malami kafin a taɓa.

Akwai kuma ƴan'uwanmu da zamansu bai rataya ga ɗalibta ba, kamar matar da ta biyo mijinta, ko wanda yake da takardar aiki, kuma su ne karatun nesa ya fi yi wa rana. Cibiyar CNED, wadda aka kafa a 1939, tana koyarwa daga nesa tun daga ƙananan azuzuwa har zuwa shirin manyan jarabawoyi. CNAM kuwa, da ke nan tun 1794, an san ta da darussan yamma da na intanet ga ma'aikata, inda mutum ke ɗaukar darasi ɗaya ko biyu a zango yana tarawa har su cika digiri. Wanda bak ɗinsa, wato shaidar kammala sakandare, ko lisans ɗinsa na Nijar ne zai iya neman takardar kwatanta shaida daga cibiyar ENIC-NARIC ta Faransa kafin rajista. Su ma masu wannan hanya su tambaya tun farko a wane gari ake zama jarabawa, domin sau da yawa sai an je da kai, kuma kuɗin jirgin ƙasa da na masauki na waɗannan kwanaki ya kamata a ware su tun watan Satumba.