Kurakuran da sabon ɗan sa-kai ke yi a aikin gyaran turba a dazukan Amurka

Duk shekara, daga watan Yuni zuwa Satumba, idan ƙanƙara ta narke a tsaunukan yammacin Amurka, 'yan sa-kai kan shiga ƙungurmin daji rukuni-rukuni su gyara turbobin da mutane da dawaki ke bi. Na yi wannan aiki a dajin Bob Marshall da ke jihar Montana, wanda faɗinsa ya haura eka miliyan 1, kuma babu titin mota a cikinsa. Ɗalibanmu da ke karatu a can suna yawan tambaya ta yadda abin yake. Amsar da ta fi amfani ita ce in faɗi inda sabbi ke tuntuɓe, domin kusan wuri ɗaya kowa yake yi.

Kuskuren farko tun a gida ake yin sa: mutum ya ɗauka yawon buɗe ido zai je. A 1964 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta keɓe irin waɗannan dazuka, ta hana shigar da mota da keke da duk wani abu mai inji. Ke nan babu zarton inji. Itacen da ya faɗi ya tare hanya da zarton hannu na mutum biyu za a yanka shi, dutse kuma da ƙarfe za a banƙare shi. Kayan abinci da na aiki alfadarai ne ke kai su sansani idan an yi sa'a, sauran kuwa a bayanka suke. Wasu rukunonin mako ɗaya suke yi, wasu kwana 8 a daji su fito su huta kwana 6 su koma. Wanda zai je ya fara tafiya da jaka mai nauyin kilo 15 a bayansa wata biyu kafin lokacin, yana hawa tudu yana sauka. Ɗaga ƙarfe a ɗakin motsa jiki ba ya maye gurbin wannan.

Takalmi ma haka. Ana buƙatar na fata mai rufe idon sawu, amma sai ka ga mutum ya saya ana gobe tafiya ya ɗauro shi sabo ful. Kafin yammacin ranar farko bororo ya fito a dunduniya, rana ta uku ya fashe, sauran kwanakin ɗingishi ne. A sa takalmin makonni kafin tafiya har ya saba da ƙafa. Da zarar an ji wani wuri yana zafi a tsaya a manna filasta, ko da an tsayar da mutum goma. Safa da rigar ciki kada su kasance na auduga. Mu da muka taso a ƙasar zafi auduga muka sani da daɗi, amma a kan tsauni tana riƙe gumi, iska ta kaɗa, sanyi ya shiga jiki, kuma a can ko a watan Yuli ana iya wayar gari a ga raɓa ta daskare a kan tanti.

Kuskuren da ya fi ci mini rai, don ni ma na yi shi, shi ne zaton cewa aikin share hanya ne. Ranar farko aka ba ni Pulaski, wani makami mai baki biyu, gefe ɗaya gatari, ɗaya gefen kamar gizago. Sunan wani ma'aikacin gandun daji ne, Ed Pulaski, wanda a babbar gobarar dajin 1910 ya shigar da mutanensa ramin haƙar ma'adinai kusa da garin Wallace a Idaho, akasarinsu suka tsira. Na taso ina riƙe fartanya, saboda haka na duƙa na kankare turba ta yi sumul, na tara ƙasar a bakinta ta ɓangaren gangara. Shugabar rukuninmu ta zo ta tsaya, ta tsiyaya ruwan gorarta a tsakiyar wurin da na gyara. Ruwan ya bi turbar ya miƙe. Ta ce in duba, abin da ruwan sama zai yi ke nan, sai dai shi ba gora ɗaya ba ne.

Abin da na yi kunya ce irin ta gona. A gona ana yin kunya don ta riƙe ruwa, a turba kuwa riƙe ruwa shi ne ajalinta. Ruwan da ya samu hanya ya bi ta tsaye yana ƙara gudu yana kwasar ƙasa, bana ɗan rami, baɗi kwazazzabo, masu tafiya su kauce su buɗe wata sabuwa a gefe, ita ma ta zaizaye. Saboda haka kusan duk aikin turba dabarar sallamar ruwa ne. Fuskar turba za ta ɗan karkata zuwa gangara, kamar kashi 5 cikin 100, yadda ruwa zai tsallake ta ya wuce. Duk ƙasar da ta taru a bakin waje a kwashe ta a watsa nesa. Inda turba ke sauka, a yi mata ɗan kwari mai faɗi da magudana, kuma a bi magudanar a yashe ta har inda ruwa ba zai iya dawowa ba. Sabbi suna haƙa magudana siririya mai zurfi, ruwa ɗaya ya cika ta da yashi. Mai kyau faffaɗa ce, mai tafiya zai wuce ta bai ma lura ba. Kuma kada a cike rami da baƙar ƙasar sama mai ganye da saiwoyi. A gona ita ce dukiya, a nan ruɓewa take yi ta zama taɓo. Sai an tona an kai ga ƙasar da ke ƙasanta, mai tsakuwa, wadda ke daddalewa.

Sai zarto. Tsawonsa ya kai tsayin mutum, kuma yawancin masu kyau tsofaffi ne, an ƙera su tun kafin zarton inji ya yaɗu, masu iya wasa haƙoransu kuma 'yan kaɗan ne. Wanda ya bar haƙoran suka taɓa ƙasa ko dutse ya jawo wa rukuni asarar da ba a gyara ta a daji. Shi ya sa ake ɓare ɓawon itacen kafin a fara, don yashi na maƙalewa a ciki. Mai ƙarfi yakan so ya tura zarton ya danna shi. Ba a turawa. Kai ka ja, ka saki, abokinka ya ja. Da ka tura sai ya lanƙwashe ya cije. Na ga siririyar yarinya da wani dattijo sun gama gungume kafin samari biyu majiya ƙarfi su kai rabi, don kawai hannunsu ya zo ɗaya.

Haɗarin gaske yana cikin itacen kansa. Gungumen da ya faɗi bai huta ba: wani sashe nasa a matse yake, wani a ɗame, gwargwadon abin da ya tokare shi. Idan an yanka ta inda yake a matse, zai kama zarton, sai an buga weji, wato abin da ake cusawa a yankan don ya buɗe. Idan a ɗame yake ta gefe, yana rabuwa zai yi wulli ya doki wanda ke tsaye a wurin. Ƙaramin itacen da babba ya danne ya tanƙwara shi kamar baka ya fi kowanne mugunta. Gyaran wannan kuskure tsayawa ne: a zagaya gungumen, a ɗaga kai a duba ko akwai busasshen reshe a rataye, a yi shawara ina zai mirgina, kowa ya san inda zai gudu, kuma mai ƙarasa yankan ya tsaya ta sama, ba ta gangara ba. Hukumar gandun dajin ƙasar tana ba masu zarto shaidar ƙwarewa mataki-mataki, kuma maganar mai shaidar ita ce ta ƙarshe. Sauri ya haifi nawa, in ji mutanenmu.

Ɗaukar kayan aiki a kafaɗa, kamar yadda muke saɓa gatari in za mu gona, laifi ne a can. Ana riƙe shi a hannu ta ɓangaren gangara, kaifin yana duban ƙasa, don in santsi ya kwashe ka ka jefar da shi nesa. A bar tazarar kamar mita 3 tsakanin mutum da mutum, kuma kafin ka wuce mai sara ka yi magana ka jira ya amsa. In alfadarai sun taho, a sauka ta ɓangaren gangara a yi musu magana a hankali, don mutum a tsaye shiru ta samansu firgita su yake yi.

Ruwan rafin tsauni garai-garai yake, sanyi kamar daga randa, kuma a nan ake ruɗuwa. Yana iya ɗauke da ƙwayar jiyadiya, wadda ke kawo gudawa bayan mako ɗaya ko biyu. A tace shi, ko a sa magani, ko a tafasa na minti 1, minti 3 idan wurin ya haura mita 2,000. Ruwa zalla kuma bai isa ba ga mai gumi tun safe, sai da gishiri da abin taɓawa a kai a kai. Wanda ciwon kai da tashin zuciya suka kama shi a kan tsauni ya faɗa. Mu muna da al'adar daurewa, muna ganin faɗin ciwo raki ne. A wurin da asibiti ke nisan tafiyar kwana biyu, ɓoye ƙaramin ciwo shi ke sa mutum shida su ajiye aiki su ɗauko ka.

Dajin Bob Marshall gidan beyar ne, wato wata ƙatuwar dabba mai gashi da farata, har da babbar nan da suke kira girizili. Alewa ɗaya a aljihu, man goge baki, turare, man shafawa, duk abin da ke da ƙamshi ba ya kwana a tanti. Ana rataye shi a bishiya, aƙalla mita 3 daga ƙasa da fiye da mita 1 daga jikin bishiyar, ko a kulle a akwatin da dabba ba ta iya buɗewa, kuma wurin girki yana nesa da wurin kwana. Beyar da ta saba da abincin mutane ƙarshenta harbi ne, don haka sakacinka ita ma yana kashe ta.

Akwai abin da ya shafe mu musamman, kuma kunya ce ke sa a yi shiru a kansa. Abincin sansani tun a gari ake tsara shi, naman alade kuma yana da yawa a ciki. A rubuta a takardar rajista cewa ba a ci, kada a bari sai alfadarai sun sauke kaya. Game da salla, ka gaya wa shugaban rukuni tun ranar farko. Ban ga wanda aka hana ba, abin da ba a so shi ne mutum ya ɓace ba a san inda ya nufa ba. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a arewacin Montana sai wajen ƙarfe 9 da rabi, alfijir kuma da wuri yake ketowa, daren gajere ne, kuma waya ba ta da sabis. A rubuto lokutan salla a takarda, a riƙe kamfas saboda alƙibla. Alwala da tsarki a ɗebi ruwa a buta a yi nisa da rafi kamar mita 60. Bayan gida ma haka, a rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, a rufe.

Ɗalibin da ke da bizar karatu kada ya karɓi ko ɗan kuɗin guzuri sai ya tambayi ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarsa. Wasu guraben, irin na AmeriCorps, shirin hidimar ƙasa na gwamnatin Amurka, sai ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin. Aikin sa-kai zalla na mako ɗaya, irin wanda ƙungiyoyin kula da turbar Pacific Crest da ta Appalachian ke shiryawa, shi ya fi sauƙin shiga, kuma gara a fara da shi kafin a ɗauki alkawarin wata uku.

Kuskuren ƙarshe a ranar tashi ake yin sa. Jiki ya gaji, hankali ya tafi gari, sai a bar rassan da aka sare a bakin turba da farin yankansu yana kallon mai wucewa, a bar kututture mai tsini da zai soki kofaton doki. Rassan nan janye su ake yi can cikin daji, a juya yankan ya ba turba baya. Kututture a sare shi daidai da ƙasa. Ramin da aka ɗebi tsakuwa a cike shi, a watsa masa ganye da ɓawo. Mun ɓata kusan awa uku a wannan a sansaninmu na ƙarshe, muna mayar da duwatsun da muka zauna a kansu inda muka ɗauko su, kowanne da gefensa mai gansakuka a sama.