Kurakuran da ke ɓata risoto da sauran girkin hatsi, da yadda ake gyara su

Ranar da na fara dafa risoto, sau uku na wanke shinkafar har ruwan ya yi garau, na juye romo gaba ɗaya, na rufe tukunya na tafi wani aiki. Da na dawo, ƙasan ya kama, saman kuma shinkafa ce ke iyo cikin ruwa tsululu. Duk abin da hannuna ya saba yi wa shinkafa na yi, kuma shi ne ya ɓata girkin.

Risoto abincin arewacin Italiya ne, wajen kwarin kogin Po inda ake noman shinkafa a Vercelli da Novara da Pavia. Kaurin nan mai laushi da aka san shi da shi daga jikin shinkafar yake fitowa: sitacin da ke kan ƙwayar ne yake narkewa cikin romo a hankali yayin da ake juyawa. Wanda ya wanke shinkafar ya zubar da wannan sitacin a magudana tun bai kunna wuta ba. Don haka ba a wanke shinkafar risoto, ba a jiƙa ta.

Kafin wannan ma akwai zaɓen shinkafar. Doguwa irin basmati ba za ta yi ba, ko da an kwana ana juya ta, domin irin sitacinta na sa ƙwaya ta tsaya wara-wara. Gajera mai ƙiba ake so. Arborio, wadda aka sa wa sunan wani gari kusa da Vercelli, ita aka fi samu, amma tana saurin caɓewa in aka ɗan makara. Carnaroli ta fi haƙuri da wuta, ita nake ba wa mai koyo shawara. Vialone Nano ta yankin Veneto ƙarama ce, tana shan romo sosai. Giram 80 ya ishi mutum ɗaya, wato giram 320 ga mutum huɗu, da romo kamar lita ɗaya ko ɗan fiye.

Romon nan kuwa mutane na raina shi. Ana ɗauko shi daga firji da sanyinsa a zuba kan shinkafa mai zafi, tafasa ta tsaya cak, sai an jira ta dawo, a sake zubawa ta sake tsayawa. Girkin minti 18 ya koma na minti 30, wajen ƙwaya ya narke, cikinta bai nuna ba. A ɗora romon a wata tukunya a gefe, ya riƙa ɗan motsi a kan ƙaramar wuta har a gama. Kuma a rage masa gishiri tun farko. Ruwa ne ke ƙonewa, gishirin yana nan yana taruwa, ga cukun Parmigiano da za a sa a ƙarshe shi ma da nasa gishirin. Na sha ganin risoton da komai ya yi daidai sai gishiri da ya hana a ci.

A soya albasa yankakkiya ƙanana-ƙanana a kan wuta kaɗan har ta yi laushi, ba tare da ta yi ja ba, don in ta ƙone ɗacinta zai bi abincin har faranti. Sannan a zuba shinkafar a busasshe, a juya ta cikin man minti biyu. Mutane da yawa na tsallake wannan saboda gaggawa. Ku duba ƙwayar da kyau: gefenta zai fara sheƙi kamar gilashi, tsakiyar tana fari, in kuka taɓa da bayan yatsa za ku ji zafi. Wannan 'yar suyar ce ke taimaka wa ƙwaya ta riƙe jikinta har ƙarshe. A Italiya a nan ne galibi ake zuba farar giyar inabi saboda ɗan tsaminta. Ba dole ba ce. 'Yan ɗigon ruwan lemun tsami dab da saukewa sun wadatar.

Yanzu ga inda aka fi yin rikici. Ludayi ɗaya ko biyu ake zubawa, a juya, a bari shinkafar ta kusa shanyewa, sannan a ƙara. Alamar lokacin ƙari ita ce idan aka ja cokalin katako a ƙasan tukunya, hanya ta buɗe ta ɗan jima kafin ta rufe. Wasu sun ji an ce a yi ta juyawa, sai su tsaya suna tuƙi da ƙarfi babu ƙaƙƙautawa har ƙwayoyi su farfashe, abin ya yi danƙo. Wasu kuma su bar shi har ya yi ƙanzo. Juyawa a hankali duk bayan rabin minti ko minti ɗaya ta isa. Wutar ta zama matsakaiciya, ana jin ƙaramar tafasa, ban da ɓararraka. Tukunya mai faɗi da kaurin gindi ta fi mai zurfi, kuma ba a rufe ta.

Daga minti na 15 a fara ɗanɗanawa. Ƙwayar da ta yi tana da laushi amma haƙori na jin ɗan tsayayya a tsakiya, ba garas-garas na ɗanyen gari ba. In romo ya ƙare shinkafa ba ta nuna ba, ruwan zafi ya isa. In kuma ta nuna romo ya rage, kada a ce dole sai an juye shi duka.

Matakin ƙarshe shi na fi jin zafin a ɓata, domin a nan wahalar duka take biya. A sauke tukunyar daga wuta tukuna, sannan a sa bota mai sanyi da gurzajjen cuku, a juya da sauri, a bar shi minti ɗaya ko biyu. In aka sa su kan wuta, man zai rabu ya taso sama. Italiyawa na cewa risoto ya kasance “all'onda”, wato in an girgiza tukunya ya yi motsi kamar igiyar ruwa. In kuka zuba a faranti ya tsaya ƙiƙam kamar tudu, ya yi kauri da yawa. Ƙaramin ludayin romo mai zafi zai sassauta shi. Kuma masu ci su zauna kafin a sauke, don minti goma a ajiye kan mai da shi dunƙule.

Sauran hatsi kowanne da halinsa, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a yi musu dafuwa iri ɗaya. Basmati kishiyar risoto ce: a wanke ta, a auna ruwa, a rufe, kada a juya, a bar ta ta huta minti goma bayan an kashe wuta. Kinwa, tsabar nan ta tsaunukan Andes na Kudancin Amurka, tana da wani abu mai ɗaci a bayanta da ke kumfa kamar sabulu. In ba a ɗauraye ta sosai a rariya ba, ɗacin na nan. Bulgur alkama ce da aka riga aka dafa aka busar, shi ya sa mai laushin ruwan zafi kawai yake so. Haka kuskus na leda: ruwan zafi daidai yawansa, a rufe minti biyar, a warware da cokali mai yatsu. Sha'ir da aka surfe ana iya dafa shi salon risoto, Italiyawa na kiransa orzotto, sai dai yana cin minti 30 zuwa 40 da ƙarin romo.

Ragowar kuma kada ta kwana a tukunya. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da dafuwa ba ta kashe irinta a shinkafa, kuma gubar da take fitarwa ɗumame ba ya lalata ta. A baza ragowar a faranti ta huce da wuri, a sa a firji cikin awa ɗaya, a ci washegari. Risoton jiya ba ya komawa yadda yake, amma a Milan sukan danna shi a kasko da bota ya zama faifai, a soya har ɓangarorin biyu su yi ja, suna ƙamas-ƙamas.