Darasi: Yadda ake ɗiga maganin hawan jinin ido

Cutar da likitoci ke kira gilakoma, mu kuma muke cewa hawan jinin ido, ba ta da alaƙa kai tsaye da hawan jinin da ake aunawa a hannu. A cikin ƙwayar ido akwai wani ruwa garai-garai, daban da hawaye, wanda ido ke samarwa dare da rana, yana kuma tsiyayewa ta wasu ƙananan kafofi. Idan kafofin suka cushe, ruwan ya taru, sai ido ya yi tauri daga ciki, ya danne jijiyar gani da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Ma'aunin wannan matsi na cikin ido da ake ɗauka a matsayin daidai shi ne daga 10 zuwa 21, ko da yake akwai waɗanda jijiyarsu ke lalacewa ba tare da sun wuce haka ba. Ganin gefe ne ke fara tafiya. Mutum ya riƙa cin tuntuɓe, ko babur ya zo ta gefensa bai gani ba, alhali idon ba ya ciwo. Binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa bayan yanar ido, wannan cuta ce ta biyu wajen makantar da mutane.

Ga abin da muke so kowane ɗalibi ya riƙe kafin a ci gaba: maganin ɗigawa ba ya dawo da ganin da ya riga ya tafi. Aikinsa tsare abin da ya rage. Shi ya sa za ka ji dattijo ya ce, "Na yi wata uku ina sawa, ban ga wani canji ba," sai ya ajiye kwalbar. To, rashin canjin nan shi ne nasarar. Maganin na tsawon rai ne, sai fa idan likita ya canza shi ko an yi aiki a idon.

San sunan maganinka

Ku ɗauko kwalbar ku karanta sunan, ko da harafi ɗaiɗai ne. Timolol yana rage yawan ruwan da ido ke samarwa, galibi ana sa shi safe da yamma. Dorzolamide da brimonidine su ma suna rage ruwan, sau biyu ko uku a rana. Latanoprost kuwa hanya yake ƙara buɗe wa ruwan, kuma sau ɗaya tak ake sa shi, da dare. Wanda ya riƙa sa shi sau biyu don ya fi aiki, rage masa ƙarfi yake yi. Akwai kuma kwalbar da aka haɗa magani biyu a ciki, kamar dorzolamide da timolol.

A kan timolol za mu ɗan daɗe, domin shi ne ya fi yawa a hannun jama'a saboda araharsa, kuma shi ne ya fi buƙatar hattara. Ɗigon da aka sa a ido yana iya bi ta magudanar hawaye ya sauka hanci, daga nan ya shiga jini. Idan ya shiga jini yana rage bugun zuciya, yana kuma matse hanyoyin numfashi. Mai asma, ko mai ciwon zuciya, ko wanda bugun zuciyarsa ke tafiya a hankali, dole ya gaya wa likita tun kafin a rubuta masa. A Jos, lokacin hunturu da ƙurarsa, masu asma da ma a wahale suke. Ƙara musu wannan magani ba da sanin likita ba na iya kai su gadon asibiti. Mai ciwon suga shi ma ya faɗa, don maganin na iya ɓoye bugun ƙirjin da ke yi masa gargaɗi cewa sugansa ya faɗi. Mai juna biyu da mai shayarwa su sanar, ko da wane iri aka ba su. Brimonidine kuma a nisanta shi da ƙananan yara, yana sa su barci mai haɗari.

Yadda ake ɗigawa

A fara da wanke hannu da sabulu, a share da tsumma mai tsabta. A duba bakin kwalbar, kada ya kasance ya tsage ko ya yi datti. Idan maganin fari ne kamar madara, a girgiza shi. A ajiye murfin a kwance, kada bakinsa ya taɓa ƙasa.

A zauna a ɗaga kai, ko a kwanta rigingine, wanda ya fi sauƙi ga tsofaffi. Da yatsa ɗaya a ja fatar ido ta ƙasa har ta yi ɗan aljihu. A kalli sama. A riƙe kwalbar da ɗaya hannun, bakinta ƙasa, tazarar kamar faɗin yatsa biyu daga ido. Mai rawar hannu ya jingina hannun da ke riƙe da kwalba a kan wanda ya ja fatar idon. A matsa a hankali, ɗigo ɗaya ya faɗa cikin aljihun. Kada bakin kwalbar ya taɓa ido, ko gashin ido, ko yatsa. Taɓawar na iya ƙarce ido, tana kuma kwashe ƙwayoyin cuta zuwa cikin maganin.

Ɗigo ɗaya ya isa. Ido ba ya iya riƙe ko da ɗigo ɗayan duka, balle biyu ko uku. Sauran kumatu zai bi, kuɗi ya tafi a banza, magani ya ƙare kafin wata. Amma idan ɗigon ya sauka a kan fata bai shiga ba, a sake.

Matakin da ke biye shi ne wanda aka fi tsallakewa. Da zarar ɗigon ya shiga, a rufe ido a hankali, ba runtsewa da ƙarfi ba, ba kuma ƙyafta-ƙyafta ba, domin ƙyaftawa tura maganin take zuwa hanci. Sai a sa kan yatsa a kusurwar ido ta wajen hanci, a ɗan danna, a riƙe minti biyu. A nan bakin magudanar hawaye yake. Danne shi na amfani ta hanya biyu: maganin ya zauna a ido ya yi aikinsa, sannan wanda zai shiga jini ya ragu. Duk wanda ke jin ɗaci a maƙogwaro bayan ya sa magani, mai yiwuwa ba ya dannewa yadda ya kamata. Minti biyu ya fi tsawo fiye da yadda mutane ke zato, don haka a farkon koyo a sa wani ya duba agogo. Bayan nan a goge abin da ya zubo a fata, musamman latanoprost, wanda kan sa kewayen ido ya yi duhu. A rufe kwalba, a sake wanke hannu.

Wanda aka ba magani iri biyu ya bar aƙalla minti biyar tsakaninsu, in ba haka ba na biyun zai wanke na farkon. Idan akwai na shafawa, shi ne ƙarshe.

Ga wanda idonsa ke rufewa da kansa duk lokacin da ya ga kwalba, akwai dabara. Ya kwanta, ya rufe ido, a ɗiga a kusurwar wajen hanci, sannan ya buɗe, maganin zai gangara ciki. Ba abin kunya ba ne ɗa ko jika ya riƙa ɗiga wa mahaifi, amma a koya masa daidai.

Lokaci da ajiya

"Sau biyu a rana" na nufin tazarar kusan awa 12, misali bakwai na safe da bakwai na dare. A ɗaura shi da abin da ba a mantawa: bayan sallar asuba da bayan magariba, ko lokacin wanke baki da safe da cin tuwon dare. Idan an manta, a sa da zarar an tuna, sai dai idan lokacin na gaba ya kusa, to a jira shi, kada a ninka. A watan azumi malamai sun yi saɓani kan maganin ido da rana. Mai sa sau biyu yana iya mayar da shi lokacin sahur da bayan buɗa-baki. Mai sa sau uku ya tuntuɓi likitansa tun kafin watan ya kama. Daina sa magani kwana talatin na azumi kuwa ba mu yarda da shi ba ko kaɗan.

Ranar da aka buɗe kwalba, a rubuta kwanan wata a jikin kwalinta. Bayan mako huɗu a jefar, ko da akwai saura, sai idan takardar ciki ta faɗi wani wa'adi daban. Latanoprost da ba a buɗe ba firji yake so, amma ba ɓangaren ƙanƙara ba. Bayan an buɗe, wuri mai sanyi da inuwa ya wadatar. Inda wuta ba ta samuwa, a sa kwalbar cikin kwalinta, a ƙulle a leda, a ajiye a gindin randa. Sanyin Jos kada ya ruɗe ku: cikin mota a rana ko aljihun direba zafi ne da ke lalata magani. Wajen saye a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, wadda ake rubutawa bayan haruffan EXP. A sayi sabo tun saura mako guda tsohon ya ƙare. Idan kuɗi ya gaza, a gaya wa likita gaskiya. Yana iya canza wa mutum mai rahusa, ko ya yi maganar aiki.

Abin da ba laifi, da abin da ke buƙatar gaggawa

Ɗan raɗaɗi ko dishi-dishi na mintuna kaɗan ba abin tsoro ba ne. Latanoprost kan sa ido ja kaɗan, gashin ido ya ƙara tsawo. Amma sarƙewar numfashi, jiri, suma, ko kumburin fatar ido da ƙaiƙayi mai tsanani, a dakatar a je asibiti a ranar. Haka kuma idan ido ya yi ja jawur farat ɗaya, da azabar ciwo, da ciwon kai da amai, mutum yana ganin bakan gizo kewaye da fitila, kada a jira gari ya waye. Akwai sashen ido a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da kuma asibitin Jankwano.

Kada a ari maganin maƙwabci, kada kuma a sayi maganin jan ido a kemis ba takardar likita. Da yawansu na ɗauke da dexamethasone ko betamethasone, waɗanda ke ɗaga matsin ido idan aka daɗe ana sawa. Ruwan albasa, nono, fitsari da ruwan ganye ba sa sauke matsi, miki suke jawowa. Ranar komawa asibiti a tafi da kwalaben duka, a kuma sa maganin safiyar kamar kullum, domin likita yana so ya auna yadda yake aiki. Cutar na bin jini, don haka 'yan'uwa da 'ya'yan mai ita su je a duba su, musamman waɗanda suka kai shekara 40.

Aikin aji

Kowa ya kwafi sunan maganinsa, ko na wani a gidansu, a littafinsa, ya rubuta lokutan sawa da lambobi. Sannan ku zauna biyu-biyu: ɗaya ya nuna matakan da kwalba a rufe, ɗayan ya riƙe agogo ya ƙirga masa minti biyu na danne kusurwar ido.