Yadda ake riƙe ƙaramar mota idan iska na bugun ta a gefe

Kafin ka bar gari, tsaya wajen mai faci ya auna maka iskar tayoyi huɗun tun ba su ɗauki zafi ba. Adadin da ya dace yawanci yana kan takardar da ke jikin ƙofar direba ko a cikin murfin tankin mai, kada a auna da ido. Buhun shinkafa ko gero kuwa a shimfiɗa shi a but. Kayan da aka jibga a saman mota su ne iska ke fara kamawa, kuma ƙaramar Golf ba ta da nauyin jayayya.

Da ka hau titin Zariya ko na Wudil, musamman lokacin hunturu ko farkon damina da hadari ke tahowa da guguwa, riƙe sitiyari da hannu biyu, ka rage gudu. Iska ta ture ka? Ɗaga ƙafa daga totur, ka karkato sitiyarin kaɗan wajen da take fitowa. Kada ka fizge shi, kada ka danna birki da ƙarfi.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne wajen wuce tirela. Kana gefenta, ta tare maka iskar, motar ta lafa. Kana zarce kanta, sai iskar ta dawo maka gaba ɗaya. Shirya mata tun kana daidai tayoyin gaban tirelar, ka bar tazara. Haka ma ka shirya wa iska a kan gadar Wudil.

In ƙura ta rufe hanya, kunna fitila, sauka daga titi gaba ɗaya, nesa da bishiya da allon talla, ka jira.