Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Canza Tsirkiyar Jitar Bes

Yawancin ɓarnar kan auku tun kafin a murɗa kunnen jita (abin da ake juyawa don ɗaure tsirkiya) ko sau ɗaya, wato da zarar filaya ta shiga hannu. Tsirkiyar bes tana da tsada, kuma in ka datse ta, ta datsu ke nan. Na taɓa yanke E, wato tsirkiya mafi kauri cikin huɗun, gajera, naɗi ɗaya ta yi a sandarta da ke kan jitar, ina ɗaurewa tana zamewa, sai da na sayi sabon saiti. Abin yi shi ne ka zura ta ta jaki, wato ƙarfen da ke riƙe tsirkiya a jikin jita, ka ja ta miƙe har ta zarce sandarta da santimita 8 zuwa 10. Naɗi biyu zuwa uku ake nema.

Kafin yankan ma akwai matakin da ake yawan tsallakewa. Tsirkiyar bes siririyar waya ce a ciki, wata wayar ta nannaɗe ta. In ka datse haka kawai, musamman mai zagayayyen ciki irin wasu na kamfanin DR, naɗin na iya saki, muryarta ta dushe tun ranar farko. Ka fara lanƙwasa ta sosai, ka yanke gaba da lanƙwasar kaɗan, sannan ka cusa bakinta a ramin da ke tsakiyar sandar.

Sai gaggawa. Mutum ya gaji da murɗa kunne, sai ya kama tsirkiya ya zagaya ta da hannu. Kowane zagaye murɗe ta yake yi, ka ji tana wani amo mai rawa, ka ɗora wa amfilifaya laifi. Da kunne ake naɗewa, kuma kowane naɗi ya sauka ƙarƙashin na farko, don tsirkiyar ta danne ƙaramin jakin da ke kusa da kai. In naɗin ya haura sama, tsirkiyar A, mai bin E, ita ce ta fi yin zizar nan mai ban haushi, musamman a jitar da kanta irin na kamfanin Fender ne.

Wasu kuma tun a shago suke kuskurewa. A samfuran Fender, Precision da Jazz tsawonsu daga jaki zuwa ƙaramin jaki inci 34 ne, Mustang kuwa inci 30. Ka sa wa gajera doguwar tsirkiya, kaurin E ne zai hau sanda, yana iya karyewa a nan. Haka kauri: in ka saba da saiti mai lambar kauri 45 zuwa 105 ka koma mafi kauri, jan da ke kan wuya zai ƙaru, wuyan ya ƙara lanƙwasa, sai an taɓa ƙarfen da ke cikinsa. A juya shi rubu'in zagaye kawai, a dakata a duba.

Kada ka datse tsohuwa tana ɗaure, sassauta ta tukuna. Ni na fi son canza ɗaya bayan ɗaya, sai dai in zan goge allon wuya.

Bayan ka saita E, A, D, G, ɗaga kowace a hankali daga tsakiya, ka sake saitawa, ka maimaita har ta daina sauka. Danna ta da babban yatsa daidai gaban jaki don ta kwanta. Sannan ka danna firet na 12 (firet su ne siraran ƙarafan da ke jere a wuya) ka duba da na'urar saita murya: in ta yi sama, ja mazauninta da ke kan jaki baya, nesa da wuya, in ta yi ƙasa, matso da shi gaba.