Yadda za ka zaɓi amfilifayar bes ta gwaji a ɗaki, da batun ƙarar fanka

Idan za ka sayi amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, ta jitar bes mai kaurin murya don ka riƙa gwaji kai kaɗai, ka fara sauraronta tun kafin ka taɓa tsarkiya ko ɗaya. Kunna ta, ka rage murya har ƙasa, ka kasa kunne. Abin da ka ji a wannan lokaci, da shi za ka zauna kowane dare. Samarin da ke zuwa wajena nan Birnin Kebbi tambayarsu ɗaya ce: "Yaya, mai wat nawa zan saya?" Ba mai tambayar fankar da ke cikin amfilifaya don sanyaya ta sai ya kai kaya gida.

Dalilin da ya sa na damu da fanka shi ne lokacin da muke gwaji. Da rana kowa na wajen nema. Sai bayan isha'i, gari ya lafa, mutum ke samun zama da jitarsa, kuma a lokacin dole ya yi ƙasa da murya saboda mutanen gida. To koyon bes kusan rabinsa sauraron abubuwa ne ƙanana: inda sauti ke mutuwa bayan ka ɗaga yatsa, tsarkiyar da ta ci gaba da gunaguni alhali ba ka taɓa ta ba, ɗan kuwwar da ke fita idan yatsa bai danne daidai ba. Fanka mai huci ba tsayawa tana binne waɗannan duka. Za ka yi wata da watanni kana ganin hannunka ya goge, ranar da aka ɗauki sautinka a sutudiyo sai ka ji ƙazantar da ba ka taɓa ji ba.

Batun wat ba shi da tsawo. Ɗakin kwana ko shago, wat 15 zuwa 40 ya isa har ya yi saura. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma kafin kunne ya ji murya ta ninka sai ƙarfin ya kusa ninkawa sau goma. Saboda haka mai wat 500 a ɗaki kuɗi ne ka zuba wa abin da ba za ka taɓa buɗewa ba. Fender na da jerin Rumble: mai wat 15 da mai 25 sifikarsu inci 8 ce, mai wat 40 kuma inci 10. Ampeg na da Rocket Bass RB-108 mai wat 30 da inci 8, da RB-110 mai wat 50 da inci 10. Akwai Orange Crush Bass 25, akwai Hartke HD25. Irin waɗannan ƙanana yawanci ba a sa musu fanka, zafinsu bai kai ba, ƙarfen jikinsu da iska ke ɗauke shi. Ni dai inci 10 na fi so. Tsarkiyar E, wadda ta fi kaurin sauti a jita mai tsarkiya huɗu, tana rawa kusan sau 41 a daƙiƙa, B ta mai tsarkiya biyar kuwa kusan sau 31, kuma ƙaramar sifika wahala take sha kafin ta tura iskar da wannan kauri ke buƙata. Inci 8 za ta koya maka, amma B za ta fito a rame. Kada kuma ka ari amfilifayar jita ta yau da kullum ka buɗe mata bes da ƙarfi, sifikarta ba don haka aka yi ta ba, za ta iya yagewa.

Me ya kawo fanka tun farko? Duk wutar da amfilifaya ta sha ba ta mayar sauti ba, zafi take zama. Tsohon tsari da ake kira Class AB, mai babbar taransifoma da nauyi, yana asarar kaso mai yawa a zafi. Sabon tsari, Class D, yana iya mayar da kusan kashi 90 cikin ɗari zuwa sifika, shi ya sa yake da sauƙin ɗauka. Masu kwalaben wuta irin na tsoffin rediyo kuwa ba a magana, Ampeg SVT da ta fito a 1969 da wat 300 an yi ta ne don manyan filaye, kuma da fankarta take tafe. Sai dai kada ka ɗauka cewa da ka ji Class D an rabu da fanka. Kamfanoni kan cusa wat 500 ko 800 cikin akwatin da bai wuce littafi ba, to dole a sa masa 'yar fanka, kuma ƙaramar fanka sai ta yi gudu sosai kafin ta tura iska. Kukanta siriri ne, ya fi na babba shiga kunne.

Iri uku za ka tarar. Akwai marar fanka sam. Akwai wadda fankarta ke tashi tare da makunni, ba ta tsayawa sai ka kashe. Akwai wadda ke jiran zafi ya kai wani mataki sannan ta tashi, ko ta riƙa ƙara gudu yadda zafi ke ƙaruwa. Ta ukun nan ita ke yaudarar mutanenmu. Wani Bature a Ingila zai ce a YouTube tasa ba ta taɓa tashi a gida ba, kuma gaskiya ya faɗa, ɗakinsa sanyi ne. Kai kuwa kana Badariya cikin watan Afrilu, gari ya haura digiri 40, rufin kwano ya wuni yana shan rana. Amfilifayar da zafinta za ta fara tun ba ka kunna ba, fankar ba za ta jira ka ba. Shaidar mutumin ƙasar sanyi a kan fanka ba ta aiki a Kabi ko Zamfara lokacin bazara.

Gwaji a wajen mai sayarwa shi ne wuri mai wuya, don shagon kayan sauti ba ya shiru. Janareta na ruri, maƙwabci na gwada lasifika, kabu-kabu na wucewa. A nan kowace fanka salihar baiwa ce. Ka roƙi a shiga da ita ɗakin ajiya a rufe ƙofa. In ta hannu ce, ko daga Kano ko Alaba ta Legas za a aiko maka, ka ƙulla magana tun kafin kuɗi su fita: "Alhaji, zan kwana da ita. In fankarta ta dame ni zan dawo da ita mu canza." Mai gaskiya ba ya ƙin wannan. Ka bar ta a kunne kana kaɗawa kamar rabin awa, don fanka mai jiran zafi ba ta nuna hali a minti biyar.

Ka kuma iya rarrabe ƙara, don ba duka ne na fanka ba. Ƙarar fanka daga jikin akwatin take fita, ta baya ko ta gefe, ko ka ƙara murya ko ka rage tana nan yadda take. Idan shuuu ce daga sifika, tana ƙaruwa in ka murɗa maɓallin siririn sauti, wannan hucin na'urar ne, ya fi fitowa a masu ƙaramar sifikar siririn sauti, wasu kuma suna da makunnin kashe ta. Idan gurnani ne mai kauri, wannan na wuta ne, wutarmu sau 50 take juyawa a daƙiƙa. Zare wayar jita: in ya ɓace, laifin waya ne ko jitar, in yana nan, duba soket, gidaje da yawa ba a haɗa musu wayar ƙasa ba. Idan kuwa fankar ce ke kar-kar ko ƙiii, ƙura ce ta cika ta ko ƙarfen da take juyawa a kai ya ci.

In ka riga ka mallaki mai fanka, abu ɗaya nake roƙonka: kada ka yanke wayarta, kada ka cusa mata tsinke, kada ka lulluɓe ta da bargo. Na ga wadda aka yi wa haka a teburin wani mai gyaran rediyo, allon cikinta ya yi baƙi, warin ƙuna na tashi, mai ita na tsaye yana cewa ai a hankali yake kaɗawa. Mai gyaran bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ɗana, wanda ya sa fankar nan ya fi ka sanin zafinta." Sa'a ce in amfilifaya ta kashe kanta idan ta yi zafi, ba duka ke yin haka kafin ɓarna ba.

Abin da za ka iya yi shi ne rage mata aiki. Janye ta daga bango kamar taƙi ɗaya ko biyu don iska ta wuce. Bayan hunturu ka zare ta daga wuta, ka share ramukan iskar da burushi mai laushi, in za ka hura iska ka tare fukafukan da ɗan tsinke kada su yi ta juyawa a banza. In ba a amfani da ita a rufe ta da ƙyalle, a cire kafin a kunna. Idan kan amfilifayar da akwatin sifika a rabe suke, duba lambar om da ke jikin sifika, wato yadda take tare wuta: mai om 8 ta fi mai om 4 sauƙi gare ta, ba ta jan wuta da yawa, zafi ya ragu. Kana kuma iya nisanta kan daga inda kake zaune, ka bar sifikar kusa da kai. Canza fankar da wadda ta fi shiru yana yiwuwa, amma aikin mai gyara ne: girma ɗaya, bolt ɗaya, kuma ta tura iska kamar ta asali. Kada ka buɗe da kanka, akwai kafasito a ciki masu riƙe wuta ko bayan an zare soket. In sabuwa ce mai garanti, buɗewa na iya soke shi.

Kafin ka soka ta a bango, karanta bayanta. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, kuma kayan hannu da yawa daga can suke. Wasu na karɓar duka biyun, wasu na da makunnin sauyawa, wasu sai da taransifomar rage wuta. In ka yi kuskure nan take za ta ƙone. Sitabilaiza ma ba asara ba ce, ganin yadda wuta ke hawa da sauka. Mai wat 25 kuma ba ta da nauyi a kan inbata ko sola, saɓanin babba. Akwai ma masu cin batir, irin Blackstar Fly 3 Bass mai wat 3 da ke aiki da batir AA shida, ko Vox amPlug da ake sokawa kai tsaye a jikin jita a saurara da hedifon. Ba za su girgiza maka ƙirji ba, amma ba ruwansu da ɗauke wuta.

Ramuka biyu kada ka yarda a rasa su: na hedifon, da na haɗa wayar salula don ka bi kiɗa ko mai ƙirga bugu. Sautin bes yana ratsa bango fiye da siririn sauti, kai kana jin ka yi ƙasa sosai, tsohuwa a ɗakin baya kuwa dum-dum take ji har gadonta. Kada ka ajiye amfilifaya a lungu, lungu na ƙara kauri ya dagula sauti. Ɗora ta bisa kujera ta fuskanci kunnenka, za ka ji ta da kyau ba tare da ka ƙara murya ba, taga da kwano ma za su daina kaɗawa. Da hedifon kuma kada ka ƙure, kunne in ya lalace ba ya dawowa.

Wanda ke zuwa kiɗan biki ko yake tare da mai ganga, wat 40 ba za ta kai shi ba, yana buƙatar babba, kuma a can fanka ba ta damun kowa. Shawarata gare shi ya bar babbar a wajen taro, ya nemi ƙarama ta hannu mai inci 8 ko 10 ya ajiye a ɗaki. In kuɗi ba su kai biyu ba, ya fara da ƙaramar, ya nemi mai ramin aika sauti zuwa mikisa, na'urar haɗa sautuka, irin na Rumble 40, ranar biki sai a haɗa shi da manyan lasifikun masu taro.