Yadda ake gane ma'aikaci da ɗan kwangila kafin masu haraji su zo

Kuskuren da na fi gani a Katsina shi ne mai sana'a ya rubuta "ɗan kwangila" a takarda, ya ɗauka magana ta ƙare. Na yi wa wata makaranta mai zaman kanta lissafi a wajen Ƙofar Ƙaura, na tarar duk malamanta an sa su a matsayin 'yan kwangila, alhali ƙarfe bakwai da rabi suke sa hannu, ƙarshen wata a biya su. Da aka zo bincike, bashin PAYE, wato harajin da ake cirewa daga albashin ma'aikaci, na watannin baya a kan mai makarantar ya faɗa.

Da farko ka ajiye takardar, ka duba yadda aikin ke gudana. Kotun Ƙoli ta zayyana ma'aunin tun 2008 a shari'ar Shena Security da Afropak. Wa ke yanke lokacin zuwa da tashi? Kayan aikin na wa ne? Albashi ake ba shi duk wata, ko jinga aka yi? Zai iya turo yaronsa ya yi a madadinsa?

Wannan ta ƙarshen ita nake fara tambaya, ita ce ba ta ƙarya. Mai gyaran wayoyin lantarki da ka kira, in ya turo almajirinsa da akwatin kayan aiki ba za ka ce komai ba, wutar lantarki kake so ta dawo. Amma akawunka ba zai turo ƙaninsa ya zauna a teburinsa ba. Na farko ɗan kwangila ne, na biyu ma'aikacinka ne ko me ka kira shi. Inda ake rikicewa shi ne mutumin da ya fara da jinga, sannu a hankali ya koma kullum yana nan, an ba shi tebur, ba ya yi wa kowa aiki sai kai. Duk wata shida ka sake duba irin wannan, don matsayinsa ya sauya kai ba ka sani ba.

In ma'aikaci ne, kai za ka cire PAYE ka kai wa hukumar tara haraji ta jiha kafin 10 ga watan da ke biye. A sabuwar dokar da ta fara aiki 1 ga Janairu 2026, naira 800,000 na farko a shekara ba haraji a kansu, don haka ɓoye ƙananan ma'aikata ba ya ma rage maka komai a PAYE.

In ɗan kwangila ne, harajin da ake cirewa daga tushe, wato daga kuɗin da za ka biya shi, za ka cire, kashi 5 cikin 100 ga aikin ƙwararru irin na injiniya ko akanta. Ka karɓi lambar TIN ɗinsa, wato lambar shaidar mai biyan haraji, kafin ka biya, in babu ana ninka kason. Na mutum ɗaya jiha ake kai wa, na kamfani mai rajista kuma tarayya.

Kai kuma ɗan kwangila, kada ka bar wurin sai da rasit na abin da aka cire, da shi za a rage maka idan ka kai bayanin kuɗin shigarka kafin 31 ga Maris.